Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Ranar da Naja'atu ta sauka ina gidana a Gaya, ina tsaka da tankaɗe, aka kira ni a waya. Ban ko wanke hannu ba na yafa mayafi na tari mai babur zuwa Gafasa. Naja'atu matar ƙanena ce Zunnuraini, autan ɗakinmu. Mata biyu ta haifa masa a jere, wannan karon Allah ya kawo namiji, don haka na shiga garin bakina har kunne.

A zaure na tarar da angon ƙarni ya jingina da bango, fuskarsa ba ta yi kama da ta wanda aka yi wa haihuwa ba.

Na ce, "Lafiya? Ko wani abu ya sami mai jegon?"

"Lafiyarta ƙalau, Yaya Kubura. Na yi wa yaro huɗuba."

"Masha Allah. Da wane suna?"

Ya leƙa tsakar gida, ya ga ba kowa kusa, sannan ya rage murya. "Da sunan Yaya Ari."

Na ce, "Kai, kana cikin hankalinka kuwa? Inna ta sani?"

"Shi ya sa na tsaya jiranki."

"Au! Kai ka ɗebo da zafi, bakina za a kai?"

Bai yi dariya ba, ni ma ba don dariya na faɗa ba. Tsoro ne ya kama ni, kuma wanda duk ya san mahaifiyarmu ya san dalili.

Inna Hansai 'yar Toranke ce, jinin Fulanin da suka daɗe da ajiye sanda suka kama fartanya. Shanun sun ƙare tun zamanin kakanta, Fulatancin da ya rage a bakinta bai wuce na gaisuwa ba, amma kunyar nan tana nan daram, ko ƙwaya ba ta zube ba. Aka kawo ta Gafasa gidan babanmu, Malam Abdulmuttalib, wanda kakanninsa suka taso daga Barno da fatauci suka zauna. Ƙaninta, Kawu Bubayero, in ya zo ziyara yakan tsaya a ƙofar gida ya ɗaga murya ya ce a gaya wa Babarbaren nan ubangidansa ya iso, Baba kuma ya aiko a ce a ba bawan Allah fura ya kama gabansa. Ita dai Inna ba ta shiga wasan, sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da abin da take yi.

Sana'arta daddawa. Ta dafa kalwa, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe ta bar ta ta yi, sannan ta daka ta mulmula ta shanya. Mu da muka tashi a gidan ba ma jin warin, amma a makaranta ba wanda ke son zama kusa da ni, kuma na daki yara da yawa a kan haka. Duk ranar kasuwar Gaya takan ɗauki ƙwaryarta ta tafi, kuma ba ta dawowa da ko ɗaya.

Ari shi ne ɗanta na fari. Aliyu aka raɗa masa, dangin Baba suka mai da shi Ari irin na Barebari, sunan ya bi shi. Inna ba ta taɓa faɗar ko ɗaya daga cikin biyun ba. In da mu take magana sai ta ce "Yayanku", in da mutanen waje ne ta ce "yaron nan". Akwai wani Ali mai facin keke a bakin layinmu, har ya tsufa "mai sunan yaro" take ce masa. A gaban mutane ba ta kallon Ari, ba ta zama a tabarmar da ya zauna, in ya gaishe ta bango take amsa wa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ɗan riƙo ne da ba a so. Mu kuwa mun san inda ƙaunar take, tana cikin wani kwano shuɗi mai murfi da ya ɗan ɓantare a baki. A nan take zuba masa tuwo, kuma duk ranar da aka yi miya da nama, tsoka mafi girma a ƙarƙashin tuwonsa take binne ta. Na sha kama ta, ta sha yi mini kallon da ke sa mutum ya tuna da wani aiki a waje.

Da Baba ya rasu, Ari ya ɗauki gidan. Da damina yana gona, da rani yana fataucin bandar kifi daga bakin Cadi. Zunnuraini a lokacin bai fi a aike shi sayen ashana ba, don haka kusan Ari ne ya zama ubansa. Shi ya riƙa goya shi a keke zuwa makaranta, shi ya koya masa riƙon garma, shi ya zane shi ranar da ya fara ƙarya, shi ya kuma rarrashe shi da ƙosai.

A shekarun da hanyar gabas ta ɓaci, kowa ya ce wa Ari ya haƙura da tafiyar. Ya ce sau ɗaya ya rage, akwai kayansa a can. Daga hanya ya kira Zunnuraini ya ce a fara sharar gona, yana tafe. Daga nan wayarsa ba ta ƙara shiga ba. An nema iya nema, an tambayi abokan fataucinsa, kowa da abin da ya ji, ba wanda ya gani da idonsa. Matarsa ta jira har ta gaji, ba su da rabon haihuwa, daga baya alƙali ya raba auren ta koma gidansu. Yau shekara goma da ɗoriya ke nan.

Dangi suka ce a yi zaman makoki, a yi sadaka, a bar wa Allah. Inna ta ce, "Ban ga gawa ba." Daga haka ba ta ƙara ba, kuma ba wanda ya iya ƙara mata. Kullum da yamma tana zuba tuwo a kwanon nan shuɗi ta rufe ta ajiye, da safe ta ɗumama ta ci abinta. Sannan ta ƙara wa kanta wani aiki. Babban titin da ya taho daga gabas ta Gaya ya ratsa, manyan motoci suna tsayawa a gefensa direbobi su ci abinci su yi salla. Duk ranar kasuwa, in ta sayar da daddawarta, sai ta biyo ta gidana ta ce in raka ta. Mu bi motocin ɗaya bayan ɗaya, ta gaida direba, ta tambaye shi daga ina, in ya ce daga can ne sai ta ce ko ya taɓa ganin wani dogon yaro, baƙi, mai wushirya, yana sayen banda. Direba ya ce, "Ya sunansa, Inna?" Sai ta juyo ta dube ni. Ni ce bakin. Ni nake cewa Ari, ko Aliyu Abdulmuttalib daga Gafasa, ita kuma ta kau da kai kamar ba ta ji ba. Aikina ke nan shekara da shekaru, na goya ciki na je, na goya ɗa na je.

Akwai kuma wata ƙa'ida a gidanmu da Baba ya gada daga iyayensa: ba a yi wa mai rai takwara. Maƙwabta suna yi, su sa wa jariri sunan kakansa yana zaune yana cin goron sunan, amma ban da mu. Baba yakan ce suna riga ce, ba a cire ta daga wuyan mai ita yana numfashi. Sai mutum ya kwanta dama ake mayar da sunansa. Ni kaina sunan kakata aka mayar mini bayan ta rasu. Saboda haka a gidanmu, in liman ya tsaya a ƙofar gida ya ce sunan yaro Ari, ba suna kaɗai aka raɗa ba, an yi jana'izar da Inna ta hana.

Duk wannan na tuna wa Zunnuraini a zauren, kamar bai sani ba. Na ce ya canza, huɗuba ba yanka ba ce, har yanzu rago yana da ransa.

Ya ce, "Yaya, kin san abin da babbar 'yata ta tambaye ni kwanan baya? Ta ce tuwon wa Inna take ajiyewa a kwano. Na ce na Yayanmu ne. Ta ce ya sunansa. A gidan nan aka haife ta, ba ta taɓa jin sunansa ba. Inna ba ta faɗa, mu kuma mun daina faɗa don kada ranta ya ɓaci. Mutumin da ya raine ni, sunansa ya mutu a gidansa. Ni ban ce ya mutu ba, Allah ne ya sani. So nake in riƙa jin ana kiran sunan a tsakar gidan nan."

Na ce to shi ya ɗaure kurar, shi zai kwance ta, amma zan tsaya kusa.

Washegari da hantsi ya same ta a bakin murhu tana dama wa mai jego kunun kanwa. Ya durƙusa, ya yi ta kewaye-kewaye, har na ji kamar in faɗa a madadinsa. Da ƙyar ya kai. Inna ba ta daina juya muciya ba. Sai da kunun ya yi kauri yadda take so, ta sauke, ta zuba a ƙwarya, ta miƙo mini ta ce in kai ɗaki. Ban tafi ba.

Ta ce, "Auta, wa ya kawo maka labarin?"

"Wane labari, Inna?"

"Na mutuwar Yayanku. Tunda ka ji, ai sai ka gaya mini inda aka binne shi, in je in ga wurin."

"Inna, ban ce ya mutu ba."

"Ubanku ya ce ba a cire wa mai rai riga. Kai ka fi shi sani?"

Ta goge hannunta da gefen zane ta ce, "Ɗanka ne, ba ni na haifa maka ba. Sa masa abin da kake so. Amma in na ji liman ya faɗi sunan nan a ƙofar gidan nan, ta ƙofar baya zan fita. Ina da 'yan'uwa a Toranke. In Yayanku ya dawo ku gaya masa inda nake."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Inna ba ta barazana. A ranar ta shiga ɗaki ta haɗa zannuwanta ta ƙulle a tsumma, ta ɗora kwanon shuɗi a kai, ta ajiye a bakin ƙofa inda duk mai wucewa zai gani.

Gidan haihuwa ya koma kamar gidan da ake jiran alƙali. 'Yan barka suna shigowa da fara'a, su ga ƙullin kaya, su dubi juna, su gajarta zama. Inna ba ta fasa komai na mai jego ba. Ita ke tafasa ruwan wanka da ganyen darbejiya, ita ke yi wa Naja'atu wankan safe da yamma, ita ke tsare ta sai ta shanye kunu. Amma jaririn, wanda ranar farko ba ta barin kowa ya taɓa, ta daina ɗaukarsa. In ya yi kuka sai ta ce, "Ku duba yaron nan," ta fita. Naja'atu ta riƙe hannuna tana hawaye ta ce, "Yaya, ki roƙe shi ya haƙura. Ni ko wane suna aka sa ina so. Kada a ce a kan ɗana uwar miji ta bar gida." Ta yi gaskiya, don a ƙauye abin da za a riƙa faɗa ke nan har yaron ya yi gemu.

Na koma kan Zunnuraini, ya ce bai iya canzawa, kuma bai iya barin Inna ta tafi. Na ce to ka zama gaba kura baya sayaki. Ya bar cin abinci a gida, ya koma gona yana yankan gero shi kaɗai tun safe har yamma, kamar geron ne ya yi masa laifi. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan da yake fama da shi a nono ya sha.

Muka aika wa Kawu Bubayero. Ya zo a kan tsohon kekensa, ya shigo da barkwancinsa yana cewa ina sabon bawan da aka haifa masa. Da ya ga ƙullin kayan sai wasan ya tsaya masa a wuya. Ya zauna a ƙofar ɗakin Inna ya ce, "Adda, ɗaki yana nan a Toranke, ba mai hana ki. Amma tsofai-tsofai da ke, ki bar ɗakin da kika haihu a ciki saboda jariri?"

Ta ce, "Ba saboda jariri ba ne."

"To ki bar yaro ya tuna da ɗan'uwansa mana."

"Wanda ya tafi ake tunawa. Nawa jiransa ake yi."

Kawu ya fito yana girgiza kai. Ya ce mini tun suna yara in Adda ta ce a'a, ko saniya ta fi ta sauƙin ja.

Ana jibi suna ranar kasuwar Gaya ta faɗo. Na ɗauka ba za ta je ba, sai na ga ta fito da ƙwaryar daddawa ta ce in tashi. Muka shiga adaidaita muka tafi. Ta sayar da kayanta, muka gangara bakin titi kamar kullum. Ni kuwa cikina cike yake. Na ga ƙanena ya rame a tsaye, na ga mai jego tana kuka maimakon ta ci ta yi ƙiba, kuma ga ni an sake jawo ni rana in yi wa wata baki.

Tsofaffin direbobin da suka san mu yawancinsu sun daina hanya, yanzu samari ne. Muka sami wani yana wanke fuska a gefen motarsa, ya ce daga can gabas ya taso. Inna ta gaishe shi ta jero bayaninta, dogo, baƙi, mai wushirya, yana sayen banda. Yaron yana da ladabi, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ya sunansa, Inna?"

Ta juyo ta dube ni. Na dubi titi.

Ta ce, "Kubura."

Na ce, "Inna, ɗanki ne. Ki faɗa."

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta dubi direban, ta buɗe baki, na ga leɓɓanta suna motsi, ba abin da ya fito. Ta sake gwadawa. Murfin ƙwaryar ya suɓuce mata ya faɗi ƙasa. Direban ya dube ni ya dube ta, ya ɗauka ko tsufa ne ya sa ta manta, ya ce, "Allah ya bayyana shi, Inna," ya hau motarsa ya tayar. Muna tsaye har ta ɓace.

Zuciyata ta karye, ba zan ɓoye ba, amma ban ba ta haƙuri ba. Na ɗauki murfin na kaɗe na rufe mata ƙwarya. A cikin adaidaita, mun yi nisa sosai, har mun fara hango gonakin Gafasa, sannan ta yi magana, kuma ba ni take kallo ba.

Ta ce, "Da ya san shi fa?"

Na ce, "Da ya san shi, da mun rasa."

Can ta ce, "Ashe in ba ki nan, ba a tambaya." Da muka isa gida na duba bakin ƙofarta, ƙullin kayan yana nan inda yake, kuma ba ta taɓa shi ba har ranar suna.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ana idar da sallar asuba maza suka fara taruwa a ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi, aka fito da goro da dabino. Rago yana ɗaure a gindin darbejiya, mahauci yana wasa wuƙa. A cikin gida mata sun cika, amma ba hayaniyar da aka saba, kowa kunnensa yana waje, idonsa yana ƙofar Inna. Tana zaune a kan tabarma ta yi lulluɓi, takalmanta a ƙafa, ƙullin kaya a gefenta. Ƙofar baya kuwa wani ya riga ya zare mata sakata, ban san ko ita ce ba.

Zunnuraini ya shigo cikin farar riga da ta yi masa yawa. Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, na janye. Ba zan iya ba. Zan ce wa liman Muhammad Bashir. Ki cire takalminki."

Ya jira, ya jira, aka aiko daga waje cewa liman yana jira, rana tana fitowa. Ya tashi ya fita yana share ido da hannun riga. Naja'atu ta sauke ajiyar zuciya a cikin ɗaki, wasu mata suka fara murmushi. Ni kuwa wani baƙin ciki ne ya tokare ni, don na san an rufe bakin kowa ke nan, sunan Ari ba zai ƙara fitowa a gidan nan ba sai dai a bakin titi.

Sai Inna ta miƙe. Ta dubi ƙullin kayan, ta dubi ƙofar baya. Na ce a raina shi ke nan, ko da an janye tafiya za ta yi. Amma ba ta ɗauki kayan ba, kuma ba baya ta nufa ba. Zaure ta nufa, inda mace ba ta zuwa ranar suna maza suna cike a waje. Na bi ta da sauri. Ta tsaya daga ciki, a bayan ƙyaure, inda za a ji ta ba a gan ta ba.

A waje liman ya yi gyaran murya ya ce, "To, uban yaro, me aka ce sunan?"

Na hango Zunnuraini ta tsagar ƙyaure ya sunkuya zai raɗa masa a kunne.

Inna ta ce, "Malam."

Liman ya ce, "Wace ce? Hansai? Lafiya?"

Ta kama ƙyauren da hannu biyu. Na ga leɓɓanta sun fara irin motsin nan na bakin titi, na ji kamar in faɗa mata, na danne bakina da mayafi. Sai ya fito, a shaƙe, da kaushi, kamar na wadda ta kurɓi abu mai zafi.

"Ari."

Ba wanda ya motsa. Ta ja numfashi ta ƙara, wannan karon har na ƙarshen tabarma ya ji. "Sunan yaro Ari. Da shi aka yi masa huɗuba."

Kawu Bubayero, wanda ya san abin da kalmar ta ci mata, ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Zunnuraini ya zube a wurin. Liman dattijo ne, shi ya raɗa wa Ari na farko suna, ya kuma san ƙa'idar gidanmu. Ya ce a hankali, "Hansai, mayarwa aka yi ke nan?"

Ta ce, "Takwara aka yi. Mai ƙa'idar ya tafi, ni na rage, in akwai laifi a wuyana. In babban ya dawo ya tarar da ƙaramin."

Liman ya ce, "Babu laifi." Ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Aliyu, ana ce masa Ari, Allah ya raya. Mahauci ya kayar da rago. A cikin gida wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka.

Inna ba ta bar bayan ƙyauren ba. Ta jira guɗar ta lafa ta ce, "Malam, in kun gama wa yaro addu'a, ku yi wa babban."

"Wace iri za mu yi masa, Hansai? Ta mai rai, ko..." Bai ƙarasa ba.

Ta ce, "Ku yi wadda za ta same shi a inda yake."

Suka ɗaga hannu. Ni ban iya ɗaga nawa ba, don ita nake riƙe da su. Da aka shafa ta zame hannunta ta koma ciki, ta cire takalmi, ta shiga ɗakin mai jego ta ce a ba ta mijinta ta gani. Ta daɗe tana kallonsa, ta ce baƙi ne, kuma da gani zai yi tsawo, Barebari sun sake cin riba. Da yamma na ga ta kwance ƙullin, ta ɗauki kwanon shuɗi, ta zuba tuwo, ta binne tsoka daga ragon suna a ƙarƙashi, ta rufe ta ajiye.

Da kasuwar Gaya ta zagayo na gama aikina da wuri, na yafa mayafi na zauna jiranta. Azahar ta yi ba ta biyo ba. Hankalina ya tashi, na fita na duba inda take zama a kasuwa, aka ce ta sayar ta tashi. Na gangara bakin titi. Can na hango ta ita kaɗai, ƙwarya a hammata, tana tsaye a gefen wata babbar mota ta ɗaga kai tana yi wa direba bayani. Na matsa na tsaya bayan mai rake, inda nake jin su. Direban ya leƙo ta taga ya ce, "Ya sunansa, Inna?"

Na buɗe baki, don sabo. Ba ta ko waiwayo neman kowa ba.

Ta ce, "Ari."